Ƙafar Ashafa Ta Ƙi Takalmi

A shekarun farko na mulkin kai, in ka tambayi mutumin Makarfi ko na Ikara ko na Kudan wa ya fi kowa iya ƙwallo a wannan yanki, ba zai tsaya dogon tunani ba, zai ce maka Ashafa na Gubuchi. Manomin rake ne, shi da yayansa Auwalu. Suna da fadama da suka gada, da injin matse rake wanda wani tsohon doki ke juyawa. Da rani su dafa mazarƙwaila, Ashafa ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Makarfi. A can ya fara ganin ƙwallo, a filin da ke bayan gari, inda samari ke taruwa bayan la'asar. Ya ɗaure jakinsa a gindin wata ɗorawa ya shiga cikinsu, kuma tun daga ranar jakin ya saba da jira.

Ashafa ba dogo ba ne, ba shi kuma da wani gudu na a zo a gani. Abin da Allah ya ba shi ƙafa ce. Faffaɗa ce, yatsun a warwatse, tafin ya yi kanta saboda taka kututturen rake tun yana ƙarami. Ƙwallo za ta taho daga sama da ƙarfi, ya miƙa wannan ƙafa, sai ta kwanta luf kamar an ajiye ta da hannu. Yakan sa babban yatsa ya ɗago ta, ya tsallakar da ita ta kan mutum, ya zagaya ya tarye ta tun ba ta taɓa ƙasa ba. A lokacin ba wanda ke sa takalmi a filin, don haka ba wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da wannan ƙafa za ta zama abin magana ta wata fuska.

Wanda ya fara hango ciniki a cikin abin shi ne Maiwada, dillalin rake, mai loda motoci zuwa Kano da Kaduna. Ya ga yadda mutane ke barin kasuwa tun ba ta watse ba don su kalli wasa, ya yi lissafinsa. Ya saya wa samarin koren riguna, ya sa aka kewaye filin da zana, aka bar ƙofa ɗaya, mai shiga ya ba da kwabo. Ya riƙa shirya karawa da 'yan Ikara da 'yan Kudan, yana kwasar 'yan wasa a bayan motar rake. In an tashi ya danƙa wa kowa ɗan abin sayen sabulu, na Ashafa ya fi na kowa kauri. Dattawa suka yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa biyan kuɗi don a kalli ƙatti suna bin fata. Amma ranar da aka ce Ashafa zai buga, har da su a layi. Masu ƙosai da masu gyaɗa suka kafa a bakin ƙofa. A wannan shekara Ashafa ya auri Zulai, wadda ya daɗe yana so, kuma da kuɗin ƙwallo ya yi mata zannuwa. Auwalu da ke yi masa faɗan barin aiki ya rage faɗan.

Rannan aka kara da 'yan Kudan, sai Ashafa ya ga wani baƙo a zaune kan kujera kusa da Maiwada, sanye da riga da wando irin na ma'aikatan birni. Da aka tashi Maiwada ya kira shi tare da Tanko da Lado, abokan wasansa.

Bayan an gaisa an tambayi gida da gajiya, Maiwada ya ce, "Wannan Malam Iliyasu ne. Shi ke koyar da 'yan ƙwallon wata masaƙa a Kaduna. Yanzu kamfanoni kowa na son a ji sunansa a rediyo, shi ya sa suke neman 'yan wasa. Wanda suka ɗauka, za su ba shi aiki da ɗaki da albashi duk wata."

"Albashi don ƙwallo, Maigida?" in ji Tanko.

Malam Iliyasu ya yi murmushi. "Da safe ka ɗan tsaya a bakin inji, da yamma ka zo fili. Amma kowa ya san don me aka ɗauke ka." Ya juya ga Ashafa ya ce, "Kai kuwa, na zaga wurare da yawa, ban ga mai taɓa ƙwallo kamarka ba. Ku zo a gwada ku."

Ashafa ya koma Gubuchi ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Ya gaya wa Zulai za ta zauna a ɗaki mai kwano da famfo a tsakar gida. Ya gaya wa Auwalu zai saya masa sabon doki. Auwalu ya ce Allah ya sa, amma dai a gama yankan gefen rafi kafin a tafi.

Filin masaƙar shimfiɗe yake da ciyawa, an ja masa layi da farar ƙasa, ragar kuma raga ce ta gaske, ba igiya tsakanin gora biyu ba. Kafin a fara, wani ya jawo buhu ya zazzage takalman ƙwallo a gabansu, ya ce kowa ya zaɓa. Takalma ne masu nauyi, na busasshiyar fata, sun rufe har idon sawu, ƙarƙashinsu da ƙusoshi. Tanko da Lado sun ɗan yi makaranta, sun saba da takalmi, suka zura suka ɗaure. Ashafa ya gwada wannan ya gwada wancan, ba wanda ya ɗauki faɗin ƙafarsa. A ƙarshe ya cusa ta cikin mafi girma, yatsun suka hau kan juna.

Aka busa usur. Ƙwallon farko da ta zo masa, ya miƙa ƙafa kamar yadda ya saba, ta bugi hancin takalmin ta yi tsalle ta bar shi. Ta biyu ma haka. Ya nemi ɗago ta da babban yatsa, yatsan na kulle a cikin fata. Ya zo juyawa, ƙusoshin suka kama ciyawa, ya faɗi da gwiwa. Wasu ma'aikata da ke kallo a gefe suka yi dariya, ɗaya ya ce a mayar da shi gona.

Ya je wurin Malam Iliyasu yana ɗingishi. "Ranka ya daɗe, a bar ni in cire su. Minti kaɗan kawai, ka ga abin da ka gani a Makarfi."

"Na san abin da na gani," in ji Malam Iliyasu, ba da fushi ba. "Amma a gasar da muke shiga ba a barin mutum ba takalmi. Ko an bar ka ma, dubi ƙafafun waɗancan. Sau ɗaya za a taka ka, a kwashe ka. Koma gida ka koya wa ƙafarka takalmi. In ta koya, ka dawo, ƙofa a buɗe take."

Aka ɗauki Tanko da Lado. Ashafa ya dawo shi da Maiwada a gaban mota. Da suka wuce Zariya Maiwada ya ce, "Kada ka sa abin a ranka. Takalmi ai bawa ne, ƙafa ce uwargijiyarsa." Ashafa ya ce haka ne. Ya lura dai Maiwada ba ya cikin baƙin ciki, don an ba shi la'ada a kan mutum biyu, kuma manajan masaƙar ya ce ya ƙara kawo wasu.

Da kasuwa ta zagayo Ashafa ya sayar da ragon da yake kiwo don Salla, ya tafi Sabon Garin Zariya ya sayo takalman ƙwallo na hannu. Ya yanke shawarar ba zai cire su ba sai zai yi alwala ko zai kwanta. Da su yake zuwa fadama, da su yake bin jaki zuwa kasuwa, ƙusoshin suna ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa. Mutanen Gubuchi suka sa masa suna Soja. Ƙafar ta yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kan gyambon. In ya dawo da yamma Zulai takan dafa ruwa da gishiri ta gasa masa, ta shafa man kaɗanya.

Wata rana tana cikin gashin ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni fa ban ce sai na zauna a ɗakin kwano ba."

"Na sani."

"To wannan azaba ta mece ce? Nan ma ai ana kallonka, ana kiran sunanka."

Ya dubi ruwan da ya yi ja a cikin ƙwarya. Sannan ya ce, "Kin ga Tanko? Ni na koya masa tare ƙwallo. Jiya a rumfar Maiwada na ji an kira sunansa a rediyo har sau uku." Zulai ta ci gaba da gashin, amma a hankali fiye da ɗazu.

Abin da Ashafa bai hango ba shi ne abin da zai faru da filin bayan gari. Maiwada ya gane kai yaro ɗaya Kaduna ya fi masa ribar kwabon ƙofa na wata guda. Kafin rani ya sake zagayowa ya kai gola, ya kai masu tsaron baya biyu. Wani kamfanin taba a Zariya ya kwashe na Ikara, 'yan jirgin ƙasa suka ɗauki na Kudan. Iyayen yaran suna ta sa wa Maiwada albarka, don 'ya'yansu sun fara aiko da atamfa da kuɗin haraji, kuma ba wanda zai ce ya cuci kowa. Sai dai wasan da ya rage a gida ya zama na waɗanda aka tsince aka bari. Mutane suka fara jin nauyin kwabonsu. Ranar Asabar sun fi son su taru a rumfar Maiwada su saurari wasan Kaduna a rediyo, kyauta, suna shan rake.

Karawa ta ƙarshe da aka yi a cikin zana da 'yan Ikara aka yi ta. 'Yan kallo ba su cika gefe ɗaya ba. Ashafa ya shiga da takalmansa. Yanzu ba ya faɗuwa, yana gudu da su, yana buga ƙwallo ta tafi inda ya nufa, amma ba abin da ya yi wanda zai sa mutum ya miƙe tsaye. Da aka tafi hutu wani tsoho a cikin 'yan kallo ya ce, "Ashafa, don Allah cire waɗannan abubuwa ka yi mana irin ta da." Wasu suka goyi bayansa.

Ashafa ya zauna a ƙasa ya kwance igiyoyin. Ya miƙe, iska ta taɓa ƙafar, ya ji daɗi har cikin ransa. Amma da aka koma wasa ya taka da gudu, sai ya ji tsakuwa ta soke shi kamar ƙaya. Kantar da ya tara tun yarinta ta zube a cikin takalmi, gashi da man kaɗanya sun mayar da tafin laushi. Yatsun da suka shekara a matse sun manne da juna, babban ya lanƙwashe ciki. Ƙwallo ta taho daga sama, ya miƙa ƙafa, ta daki gadon ƙafar ta gangara wajen ɗan Ikara. Ya sake gwadawa, ya ɗago ta da yatsa, ba ta wuce gwiwar mutumin ba. Ba wanda ya yi dariya. Tsohon da ya roƙe shi ya sunkuyar da kai yana gyaran hularsa. Ashafa ya gama wasan yana taka ƙasa da gefen ƙafa, kuma a hanyar Gubuchi ya bar jakin ya wuce gaba, shi yana tafe a baya shi kaɗai.

Ba a jima ba Maiwada ya sa aka naɗe zanar, ya ce gara na cinye ta a banza. Da damina ta faɗi mai filin ya shuka dawa.

Yanzu Ashafa ba shi da abin da ya rage sai alkawarin Malam Iliyasu. Ba fili, ba abokan wasa, sai ya riƙa buga ƙwallo a jikin katangar rumfar da suke dafa mazarƙwaila, ta dawo ya tare, ya sake bugawa. Auwalu ya zuba masa ido. Da kaka ta yi, rake ya nuna, Ashafa ya ce zai koma Kaduna.

"Yanzu da ake tsakiyar yanka?" in ji Auwalu.

"Yaya, in na bari wannan shekara ta wuce, shi ke nan."

Auwalu ya goge laujensa a jikin wando. "Je ka. Gara ka je ka ji da kunnenka, ko ma mene ne."

Ashafa ya sami Malam Iliyasu a bakin fili, ya ƙara ƙiba, yana riƙe da agogo. Bai gane shi ba da farko, sai da Ashafa ya ce shi ne na Makarfi. Filin cike yake da yara 'yan sakandare, dogaye, waɗanda aka zaɓo daga gasar makarantu, kowa da takalminsa daidai ƙafarsa. Malam Iliyasu ya ce ai alkawari kaya ne, ya sa aka ba shi riga.

Ashafa ya yi iyakar abin da zai iya. Bai faɗi ba, bai zubar da ƙwallo ba, ya miƙa wa na kusa da shi duk lokacin da ya kamata. Da aka busa ya zo ya tsaya yana haki, zuciyarsa na gaya masa wannan karon ya yi.

Malam Iliyasu ya ja shi gefe inda ba mai ji. "Ka koyi takalmi, ba shakka. Ka sha wuya, na gani a tafiyarka." Ya dubi agogonsa. "Amma zan gaya maka gaskiya don kada in ɓata maka lokaci. Irin wasan da ka yi yau, ina da mutum goma masu yin sa, kuma duk ka girme su. Kamfani yanzu yaro yake so, wanda zai yi masa shekaru, in wani kulob ya nema a sayar da shi da riba. Ni wancan na Makarfi nake so, mai ɗaga ƙwallo ta kan mutum. Ina yake?"

Ashafa ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Tanko ya kai shi ɗakinsa ya ba shi abinci. Ɗakin kwano ne da famfo a tsakar gida, kamar yadda aka faɗa. Tanko ya naɗe gwiwarsa ta hagu da tsumma, ya ce ta daɗe tana damunsa amma ba ya bari a sani, don akwai yaro ɗan Katsina da ke jiran wurinsa. Lado kuwa an riga an sallame shi daga wasa, yana can ɗakin rini, hannuwansa sun yi shuɗi. Tanko ya ce zai iya yi wa Ashafa magana a ba shi gadi. Ashafa ya ce a'a, akwai rake a gona.

Washegari Asabar ce, Tanko ya shigar da shi babban filin wasa na gari ta ƙofar 'yan wasa. Ashafa bai taɓa ganin jama'a haka ba, ko a Idi. Mutane sun yi layi tun hantsi da sulallansu a hannu, an rataye allunan tallan sabulu da taba kewaye da fili, ga mai rediyo a cikin wani ɗan akurki yana zuba magana. Aka fara wasa, ya ga ƙwallo na yawo daga ƙafa zuwa ƙafa da saurin da bai san ana yi ba. Ya so ya ga aibin wasan, bai gani ba. Wasa ne mai kyau, ya fi nasu na bayan gari nesa ba kusa ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Da Tanko ya ci ƙwallo filin ya ɗauki ihu, Ashafa ya tarar da kansa a tsaye yana tafi, hawaye na bin kumatunsa. Na kusa da shi ya ɗauka murna ce, ya dafa kafaɗarsa.

Ya isa Gubuchi da azahar ta washegari. Zulai na tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi sau ɗaya, ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa da fura, ba ta tambaye shi komai ba. Da ya sha ya fita fadama. Auwalu na tsaye a bakin kasko yana juya ruwan rake, hayaƙi ya sa idanunsa sun yi ja, ga dami-dami a jibge sun fara bushewa saboda rashin hannu.

"Ka dawo?"

"Na dawo, Yaya."

"To zo ka riƙa zura wa injin nan, ni kaɗai ba na iyawa."

Maiwada daga baya ya bar dillancin rake gaba ɗaya, ya koma Kaduna, ya yi Makka, ya zama ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a harkar ƙwallo. Ya aiko wa Ashafa sau biyu cewa ya riƙa zaga ƙauyuka yana duba masa yara masu ƙafa, za a riƙa ba shi rabonsa. Na farko Ashafa ya ce zai yi tunani. Na biyu ya ce a gaishe da Alhaji, a ce masa idonsa ba ya gane irin waɗanda ake so yanzu.

Ya ci gaba da nomansa. Zulai ta haifa masa 'ya'ya mata uku, ya aurar da su duka a kusa. Bai sake shiga fili ba, ba ya kuma zama inda ake sauraron wasa. In an kunna rediyo a kasuwa yakan tuna da wani saƙo ya tashi. Bai tsufa sosai ba, wani ciwon ƙirji ya kwantar da shi damina guda, ya rasu kafin a yi girbi. An yi jana'izarsa da hantsi, ranar kasuwar Makarfi ce, mutane na sauri su kama mota, don haka sahu bai yi yawa ba.